Bindigar da ba ta tashi da wadda aka tsinta: ina doka ta tsaya?

Daga tashar Rijiyar Zaki, idan ka miƙi titin Gwarzo ka yi yamma, ba ka yin nisa gine-gine za su fara raguwa, gonakin gero da dawa su karɓe gefen hanya. Rijiyar Zaki mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Ungogo, rabi birni rabi karkara, kuma kullum birnin ƙara cin gonakin yake yi: ana yanka filaye, ana rushe tsofaffin gidajen ƙasa, ana haƙa tushen sababbi. A irin wannan wuri abin da ya daɗe a ɓoye yakan fito fili. Magada su zo kwashe ɗakin tsoho, su tarar da adakarsa a jingine bayan buhuna, ƙota ta tsage, kunama ta cije. Lebura ya kai diga ƙasa ya ci karo da ƙunshin leda, ya kwance ya ga ƙaramar bindiga tsatsa ta cinye ta. Ɗan gwangwan ya zazzage buhun ƙarafan da ya saya a kilo, ya ga bututun bindiga a ciki. Duk ukun magana ɗaya za su yi maka: ai wannan ta tashi daga bindiga, ƙarfe ne kawai, ko kaza ba za ta kashe ba. A wurin dokar Nijeriya kuwa kowannensu bindiga ce a hannunsa, kuma a cikinsu akwai wanda ɗaurin shekara goma ke iya hawa kansa.

Tsarin mulkin 1999 ya raba gardama. Makamai da harsasai da abubuwan fashewa suna cikin jerin al'amuran da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Majalisar dokokin jiha ba ta da ta cewa, balle hakimi ko shugaban ƙungiyar 'yan sintiri. Dokar da ake aiki da ita kuwa ta girmi Nijeriya mai 'yanci, domin Dokar Bindigogi ta 1959 ce, wadda aka sake bugawa a kundin dokokin tarayya na 2004. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa: igwa, roka, bam, gurneti, mashinga da bindigogin soja. Kashi na biyu su ne irin na farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, da bindigar iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na ɗuri, wato adaka ko bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga. Ita an bar al'amarinta ga kwamishinan 'yan sandan jiha, wanda da yardar gwamna yake da ikon ya ce ba mai riƙe ta sai da takarda.

Mutane da yawa suna auna laifin bindiga da girmanta, a ganinsu ƙaramar da ke shiga aljihu ta fi doguwa sauƙin hukunci. Doka ta saɓa wa wannan tunanin gaba ɗaya. Fistol da libarba suna cikin kashin farko, jere ɗaya da mashinga, kuma jadawalin dokar bai tsaya a na masana'anta ba, ya ambaci har ƙananan bindigogi na ɗuri. Ke nan 'yar guntuwar da maƙeri ya haɗa da bututun ruwa da katako, matsayinta ɗaya da wadda aka shigo da ita daga Turai. Hikimar ba ɓoyayyiya ba ce. Doguwar bindiga maharbi ya rataya ta a kafaɗa kowa ya gan shi, gajeriya kuwa an yi ta ne don a ɓoye a ƙugu, kuma babu mai zuwa farautar zomo da ita. Shi ya sa ma dokar ta hana a datse bututun bindigar farauta ya gaza inci ashirin. Hukuncin riƙe ɗaya daga cikin haramtattun ba tare da lasisi ba ɗauri ne da ba ya gaza shekara goma. Na kashi na biyu ba ya wuce shekara biyar. Na adaka tarar naira dubu ɗaya ce, ko ɗaurin shekara biyu, ko a haɗa wa mutum duka.

Wannan rabon ya samo asali ne tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. A yarjejeniyar Burasels ta 1890 ƙasashen Turai suka amince a tsakaninsu a taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, a bar wa mutanen ƙasa irin na ɗuri. Manufarsu ta mulki ce, kada wanda za a mallaka ya riƙe makami irin na mai mallakarsa. Abin da ya biyo baya shi ne adaka ta zauna daram a rayuwarmu, a hannun maharba da masu gadin gona da 'yan bindigar sarki da ke cika gari da ƙara da hayaƙin albarushi ranar hawan sallah, ita kuwa ƙaramar bindiga ba ta taɓa samun irin wannan gurbin ba.

Maganar gutsattsari tana cikin sashen da ya fassara abin da ake nufi da bindiga. Bayan ya bayyana ta a matsayin makami mai bututu da ke iya kisa, wanda ake iya harba wani abu daga cikinsa, sai ya ƙara da cewa kowane ɓangare na jikinta shi ma yana cikin lissafi. Haka ya yi wa harsashi, shi da sassan da ake haɗa shi da su, sai dai ya cire albarushin da ba don haɗa harsashi aka tanade shi ba. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙara ɗaure maganar da dokar fashi da makami, wadda har yau ake gurfanar da mutane da ita. Ita ta faɗa ƙarara cewa bindiga bindiga ce, a haɗe take ko a warwatse, kuma wanda aka kama da ita saɓanin dokar 1959 zai biya tarar naira 20,000, ko ya sha ɗaurin da ba ya gaza shekara goma, ko duka biyun. Kuɗin tarar ya zama ba a bakin komai ba saboda faɗuwar naira, amma shekarun suna nan yadda aka rubuta su.

Masu kallon finafinan Amurka da bidiyoyin intanet sukan ruɗu a nan. A can, ƙarƙashin dokarsu ta 1968, gangar jikin bindiga mai ɗauke da lamba ita ce ake ɗauka a matsayin bindiga, sauran sassa da dama ana sayar da su a kanti. Wannan ƙofar ce ta haifar musu da bindigogin da ake harhaɗawa a gida ba lamba, har sai da Kotun Ƙolinsu ta goyi bayan ƙa'idar da ta taƙaita su a watan Maris na 2025. Mu tsarinmu daga Birtaniya muka gaje shi, kuma ita Birtaniyar ta ƙara tsanantawa, ta haramta wa farar hula kusan dukkan ƙananan bindigogi a 1997, bayan kisan 'yan makaranta a garin Danbilen a 1996.

A gaban alƙali abu uku mai gabatar da ƙara yake buƙatar tabbatarwa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta fayyace a shari'ar Oladotun a 2011: an sami abin a hannun wanda ake tuhuma ko ƙarƙashin ikonsa, abin yana cikin ma'anar bindiga a doka, sannan ba shi da lasisi. Babu inda aka ce sai an nuna ya yi niyyar fashi ko ya taɓa harbi. Lauya mai kare wanda aka kama da lalatacciyar bindiga zai iya cewa doka ta yi maganar makamin da ake iya harbi da shi ne, wannan kuwa ba ta tashi. Hujja ce mai kama hankali, amma ba ta da nisan zango, saboda mai gabatar da ƙara zai nuna bututun da gidan kunamar ya ce ga sassan jiki nan, su ma doka ta ƙirga su. Kuma wanda ya san aikin maƙera ya san “ba ta tashi” magana ce ta yau kaɗai. Kunamar da ta cije ana jiƙa ta da kananzir da baƙin mai ta saki, waya mai tsalle da ta karye ana yanko wata daga tsohon ƙarfen keke, ƙota kuwa aikin yini ɗaya ne a hannun masassaƙi. Abin da ke da wuyar samu shi ne bututu mai jure wuta, kuma shi ne yake daɗewa bai mutu ba.

Wanda ya ce bari ya kai a gyara ya ƙara wa kansa laifi na biyu, ya kuma jawo wa maƙerin. Ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta a wajen ma'ajiyar makamai ta gwamnati yana cikin laifukan shekara goma, sai ga wanda Sufeto Janar ya ba izini a rubuce, shi ma a kan bindigogin farauta da na ɗuri kaɗai. Maƙeran da ke yi wa maharba gyara a kasuwannin ƙauye, da yawansu sana'ar da suka gada suke yi, ba su taɓa ganin wannan takardar ba.

Sai maganar gado, inda na fi ganin dokar ta yi nisa da yadda muke rayuwa. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa, kuma ko a da can ba haƙƙi ba ne da mutum zai tilasta a ba shi: an hana wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Idan mai lasisi ya rasu, wanda kayan mamacin ke hannunsa yana da kwana 14 kacal da zai riƙe bindigar bisa halal. A gidan Bahaushe kwana 14 bayan rasuwa ana tsakiyar karɓar gaisuwa ne, matan mamaci suna farkon takaba, ba a yi arba'in ba, ba a ma fara zancen kiran malamin da zai raba gado ba. Wa zai tuna da bindigar da ke saman rufi? Wannan sassaucin ma na wanda mahaifinsa ke da takarda ne. Idan babu, daga ranar da kayan suka dawo hannunka kai ne mai riƙe da ita.

Tsintuwa kuma tana da nata hukuncin da kowane ɗan makarantar zaure ya sani. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya tsinci abu mai daraja zai adana shi ya yi cigiya har shekara guda. Tarbiyya ce mai kyau, ita ta sa ake mayar da jakar kuɗin da aka manta a adaidaita sahu. Amma ba ta hau kan bindiga ba, domin adanawar ita kanta ce laifin. Mai ita na gaskiya ko dai hukuma ce, ko kuma wanda ya binne ta don kada a gan shi da ita, kuma babu alheri a jiran ko wanne daga cikinsu ya zo ya same ta a ɗakinka. Ƙaramar bindigar da aka naɗe a leda aka turbuɗe a gona, da wuya a ce ba ta da tarihi. Mai yiwuwa an yi fashi da ita, mai yiwuwa akwai rai a kanta, kuma ranar da aka same ta a hannunka tambayar farko a kanka za ta faɗa.

Ina goyon bayan wannan tsananin, kuma dalilina yana cikin abin da muke gani. Masu safarar makamai ba sa ɗauko bindiga a haɗe, kwance ta suke yi, su cusa a buhun hatsi ko cikin ƙofar mota. Da doka ta ce sai haɗaɗɗiya mai aiki ce laifi, da kowane ɗan safara ya sami mafita. Shi ya sa yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ta haɗa da sassan jiki da kayan gyara. Su ma lalatattun ba abin rainawa ba ne. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogi 178,459 na 'yan sanda da ba a ga bayaninsu ba zuwa ƙarshen 2018, ciki har da AK-47 guda 88,078. 'Yan sanda sun musanta girman adadin, amma ko kaɗan daga ciki ne suka fita, wani wuri suka shiga. Cibiyar bincike ta Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan shida a hannun farar hula a Nijeriya. Haɗarin kuma bai tsaya ga shari'a ba. A watan Yunin 2025 wani tsohon bam na soja da ya shigo Kano cikin lodin ƙarafan gwangwan ya tashi a gefen gabashin birni, mutum biyar suka rasu. Tun 2023 gwamnan Borno Babagana Zulum ya hana sana'ar gwangwan a jiharsa. Abin da ya yi tsatsa a waje yana iya kasancewa da ransa a ciki.

Inda nake ganin gazawa shi ne doka ta toshe hanyar riƙewa, ba ta share hanyar miƙawa ba. Ta yi wa magaji tanadin kwana 14, ta wajabta wa mai lasisin da bindigarsa ta ɓata ya kai rahoto, amma mutumin kirki da ya tono ta a gonarsa ba ta shimfiɗa masa wata bayyananniyar hanya ba. Ka sa kanka a matsayin leburan nan. Ya sa ta a buhu, ya hau babur zai kai caji ofis, aka tsayar da shi a shingen bincike kafin ya isa. Me zai ce a yarda? Ko ya isa lafiya, tsoronsa kada mai kawo rahoto ya kwana a bayan kanta, 'yan uwa su shiga neman kuɗin beli. Saboda haka sai ya yi abin da tsoro ya nuna masa: ya mayar da ita ramin, ko ya jefa a masai, ko ya ba wani abokinsa da ya ce ya san yadda za a yi da ita. Ta ukun nan ita ce hanyar da bindigar da ta mutu take dawowa aiki, ta ƙare a hannun ɗan daba.

Shugabanni ma sun ƙara dagula lissafin. A 2021 gwamnan Katsina Aminu Bello Masari ya yi kira ga jama'a su tanadi makami su kare kansu, a Yunin 2022 kuma gwamnan Zamfara Bello Matawalle ya ce a ba mutane lasisi, 'yan sanda suka amsa cewa an dakatar da bayarwa. Kafin nan ma, a Maris na 2021, fadar shugaban ƙasa ta ce a harbe wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba. Na fahimci abin da ke sa talaka ya ƙi rabuwa da ko da rabin bindiga, musamman tun da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, wuraren da mutanen Rijiyar Zaki ke da dangi da abokan kasuwa. Amma jawabin gwamna ba ya tsaya wa kowa a kotu, kuma fistol mai tsatsa ba ta tare mahara, sai dai ta fashe a hannun mai ita ko yaro ya ɗauka.

Ba sabon abu ake nema ba. A Fabrairun 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun makamai. A Kano, zamanin kwamishina Muhammad Usaini Gumel a 2023, 'yan daba da suka tuba sun ajiye makamansu aka karɓe su. Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma a ranar 25 ga Satumba, 2000 aka ƙona bindigogi fiye da dubu a Agadas a bainar jama'a. Tarayyar Afirka ta ware kowane watan Satumba tun 2017 a matsayin watan afuwa, wanda mutum zai miƙa makami ba a tuhume shi ba, sai dai ban ga ana yin shelarsa a masallatan Juma'a da gidajen rediyon Kano yadda ake yi wa rigakafin shan inna ba. Matsalar wa'adi ita ce yana ƙarewa, tsintuwa kuwa ba ta da rana. Yanzu akwai cibiyar ƙasa mai kula da ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ta sami dokarta a Yunin 2024, har ta lalata bindigogi sama da 2,400 a Abuja a Oktoban shekarar. Ita da rundunar 'yan sanda da ke Bompai da masarauta ya kamata su zauna su fitar da ƙa'ida tabbatacciya, a rubuce da Hausa: wanda ya kai rahoton bindigar da ya tsinta ko ya gada, ta hannun mai unguwa ko dagaci, za a ɗauki bayaninsa, a ba shi takardar shaida mai lamba, ya koma gida ranar. Mai unguwa ya san wanda ke noma wace gona da wanda ya rasu a wane gida, shaidar da ɗan sandan da aka kawo daga wata jiha ba shi da ita. Ita ma takardar tana kare bindigar daga sake ɓacewa bayan an karɓa.

Kafin a kai ga haka, abin da ya fi aminci ga wanda ya ci karo da irin wannan shi ne kada ya taɓa, kada ya goge, kada ya ja kunama don gwaji, kada kuma ya ɗauka da nufin kaiwa da kansa. Ya kori yara daga wurin, ya tsayar da baligi ya tsare, ya je ya ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da na gani a gonata, a zo a duba.” Mai unguwa ya kira baturen 'yan sanda na yankin, su zo su ɗauka a inda take, a gaban shaidu, a rubuta rana da lambar da ke jikinta in tana da ita, da sunan jami'in da ya karɓa. Idan abin ya yi kama da bam ko gurneti, a yi nesa da shi sosai a jira masu kwance bam. Magada kuma su nemo takardar lasisin tun a makon farko, su sanar kafin kwana 14 su cika. Idan babu takarda, ko an riga an makara, a nemi lauya ya yi rakiya, wanda ba shi da hali kuma ya je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya da ke Kano, wadda aka kafa tun 1976 domin masu ƙaramin ƙarfi.